Takabar da ta wuce ban sani ba

Zuwa ga Kofur, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa inda kake kwance ya fi nan sanyi da yalwa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Babu direban da zan ba, babu sojan da zai sa ta a aljihu ya tsallaka ruwa da ita. Amma gobe zan bar gidanku, kuma ba na so in fita da magana a cikina. Ka san halina, in abu ya tsaya min a rai ban faɗa ba, ko koko ba ya wuce min.

A littafinka nake rubutun, mai baƙin bangon nan da ya dawo cikin akwatinka. Shafi uku ka cika da addu'o'i ka bar sauran, sai na ce ni ka bar wa. Kada ka yi wa rubutuna dariya. Da kakan ce kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. To, kazar ce dai har yanzu.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Gero ya yi bana, ba laifi, duk da takin zamani a rediyo kawai muka ji shi. Yanzu ana yankan dawa, mata suna roron wake. Buhun farko a kan keke yayanka Sale ya tura shi har kasuwar Dawanau, saboda motoci duk suna layin mai. Kalanzir ya zama sai wane da wane, mun koma wa kara da aci-balbal. Tunkiyarka mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. 'Yarka Ummi ta yi famfara, in ta yi dariya kai ne sak, kuma tana nan da tsiwarta. Inna mahaifiyarka ta ce a wurina ta gado, ni kuwa na ce ai sunan Inna aka sa mata.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kofur, ban yi maka takaba a lokacinta ba. Wata huɗu da kwana goman da Allah ya ɗora wa matar da mijinta ya rasu, nawa sun zo sun wuce ina kwalliya. Ko da ina amarya ban yi adon da na yi a waɗannan kwanaki ba. Zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko.

Ka shekara da tafiya aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar nan ta bakin teku lokacin da wasiƙarka ta ƙarshe ta iso, ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah. A ciki ka ce an yi muku alkawarin canji, bayan Babbar Sallah za ku dawo, a tanadar maka kuka da daddawa don ka gaji da shinkafa da miyar ganyen rogo. Wa zai gaya min takardar ta yi wata biyu a hanya? Wa zai gaya min ranar da nake maimaita wa Inna ita har sau uku, kai ka yi mako guda a ƙasa? Na sayar da akuyata na yanki shuɗiyar atamfa, saboda ka taɓa cewa shuɗi yana karɓata. Na yi kitso, na yi lalle, na zizara kwalli. Tsakanin sallolin biyu aka yi bikin ƙanwata, na shiga fili na taka rawa har mata suna tsokanata, wai maigida na hanya shi ya sa ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na yi dariya, don a ganina gaskiya suka faɗa.

Babbar Sallah ta zo na sake sabon ado. Bayanta duk Juma'a sai na turara ɗakinka na canja shimfiɗa. Aka yi shuka, aka yi noman farko, shiru. Ban kawo komai a raina ba. Shekara uku na zauna da kai a bariki, na san goben soja takan kai wata biyu.

Ana cikin watan Mauludi, gero ya kai ƙugu, Yaya Sale ya ji a rediyonsa wai jirgin ruwa ya sauke sojoji a Ikko. Ranar na kwaɓa lalle mai kyau, na zura hannu a zunguru, na ƙunsa ƙafa. Washegari Laraba da hantsi na kwance ƙunshin, ya kama jawur har farce. Ina zaune ina jujjuya hannu ina yabawa, sai na ji sallama a zaure da muryar da ba ta garin nan ba.

Saja Bitrus ne, abokinka da ɗakinsa yake kallon namu a bariki. Ya rame, yana ɗingishi, ga akwatinka na ƙarfe a ka. Shi a zatonsa mun daɗe da sani, ta'aziyya ya zo yi. Ya durƙusa gaban Yaya Sale ya yi masa ya haƙuri, Yaya Sale ya tambaye shi haƙurin me. Ina bayan ƙofar zaure da jan hannuna, ina leƙe. Bawan Allahn nan ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Ashe an aiko mutum tun cikin watan Ƙaramar Sallah. Amma a takardun aiki sunan makaranta ka bayar, Muhammadu Rimin Gado, kamar yadda kowa yake haɗa sunansa da na babban gari. Shi ya sa ma na iya rubuta shi, don a wurina wannan ba sunanka ba ne. Ɗan aiken ya sauka a Rimin Gado yana cigiyar gidan su Muhammadu soja. Muhammadu nawa ne a garin? Aka nuna masa gida biyu, duk 'ya'yansu suna da rai, ya hau mota ya koma. Mu kuwa muna nan ƙauye, inda ko limamin da ya raɗa maka sunan ya manta da shi, kowa da laƙabin da Inna ta sa maka yake kiranka. Ban riƙe ɗan aiken a raina ba. Na dai sha tunanin da ma ya ƙara tambaya ɗaya.

Inna ta ce a shigo da Saja har tsakar gida, ai ɗa ne. A gabanta ya ba da labarin, ni ina ji daga ɗaki. Ya ce an ajiye ku gadin wata makaranta cike da mata da yara, waɗanda yaƙi ya koro daga garuruwansu. Babu ruwa sai a wani rafi cikin kurmi, kullum da safe kuna raka matan su ɗebo. Ya ce kai kullum baya kake zaɓa, wai tsofaffi ne a baya, kuma ka saba da tafiyar tsofaffi. Ranar ashirin ga azumi aka buɗe muku wuta daga cikin itatuwa. Ka tsaya ka tare hanya har matan suka haye, ko ɗaya ba ta rasa ranta ba, sai bokitai da suka zubar. Kai kuwa harsashi ya same ka a ciki. An so a ba ka ruwa, ka ce a bari rana ta faɗi. Ba ka kai la'asar ba.

Ya ce Musulmi biyu cikin abokan aikinku suka yi maka wanka suka sallace ka. Shi ya haƙa kabarin da hannunsa, sai da ya sa suka nuna masa alƙibla sau biyu don kada ya karkace. Likkafani ya gagara, sai wata tsohuwa cikin matan nan ta kwance ƙullinta ta fito da farin ƙyalle. Tun daga garinsu take gudu da shi, na ranar tata mutuwar ne. Da shi aka rufe ka. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma ba na idar da sallah in tashi ban sa ta a addu'a ba.

Ka tuna ranar da za ka tafi? Na ƙi fitowa zaure. Na ce me ya haɗa ka da faɗan mutanen da ko sannu ba ka iya da yarensu ba, ai mai rabon faɗa shi ake fasa wa kai. Ka ce in ka tarar ana dukan mace da goyo a hanya, ba ka tsayawa tambayar yarenta. Na juya maka baya ina tankaɗe. Ka daɗe tsaye a bakin ƙofa da jakarka, ina ganin takalmanka ta gefen ido, ban ɗago ba. Ina jin motar ta tashi na watsar da rariya na fito a guje, bayanta kawai na hango. Girman kai ya hana ni rubuta maka wannan a wasiƙa. Na fito, Kofur. Makara na yi. Yanzu in na ɗebi ruwa a randa matan nan nake tunawa, in ce wata a cikinsu tana can tana ba ɗanta ruwa saboda kai. Ƙarya zan yi in na ce hakan ya ishe ni. Amma ina alfahari da kai ƙwarai.

Da yammacin ranar Malam Liman ya zo. Ya tambayi Saja ranar rasuwa, ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Sai ya aiko matar Yaya Sale ta gaya min babu takaba a kaina. Daga ranar mutuwa take farawa, ba daga ranar jin labari ba, tawa kuwa ta cika tun ƙarshen watan Cika-ciki. Ya ce ba ni da laifi a wurin Allah ko na ƙwayar gero. Na aika a tambaye shi ko zan iya ramawa, kamar azumi. Ya ce ba a rama ta. Ban yi jayayya da Malam ba, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma ji na yi kamar an ce min an wuce da mijinki tun jiya, ba sai kin taso ba.

Kwana ukun zaman makoki ba zan manta da su ba. Mata suna shigowa gaisuwa, ga matar mamaci zaune hannu da ƙafa jawur kamar amaryar jiya. Na dirje da toka, na dirje da lemon tsami, na sa dutsen goge kaushi har fata ta ɗaye. Lalle ya ce yana nan. Na dinga cusa hannuwana cikin mayafi, amma dole a ɗaga hannu in za a shafa fatiha. Na ji wata daga bayana tana cewa su matan bariki haka suke. Inna ma ta dubi hannuna sau ɗaya, ta kau da kai. Na ce shi ke nan, abin da take faɗa a kaina yau ta samu shaida.

Ka san tsakanina da mahaifiyarka, ba sai an gaya maka ba. Ita ta fara kirana 'yar bariki. Gishirina ya yi yawa, sharata ba ta kai lungu, ina komawa barci bayan asuba. Ni ma ban raga mata ba, in ta faɗi ɗaya nakan mayar da rabi ciki-ciki. Mace ce da ba ta san zama ba. Kafin in buɗe ƙofa ta share gidan nan tas, ta ba awaki dusa, ta ɗora koko, duk don in fito in ga an riga ni.

Ranar sadakar bakwai Kawu Bala ya zo, ƙanin mahaifina, wanda nake hannunsa tun rasuwar Baba. Ya ce tunda babu takaba, babu abin da ya rage min a gidan nan, in haɗa kayana jibi zai zo da amalanke. Har ya ɗan taɓo cewa wani mai shago a garinmu ya fara tambaya. Ba mugunta ba ce, hatsi ya yi tsada, ba ya so a ce ya bar 'yar wansa tana cin tuwon gidan da aure ya ƙare. To da wane baki zan ce a'a? Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a ɗakin mijinta, ba mai cewa ta tashi, ba mai kawo mata maganar wani namiji. Ni kwana tara aka ba ni. Ɗakin da ka yi hutu biyu kana ginawa, ka kwaɓa ƙasarsa da ƙafarka, ga ƙusar da kake rataye hularka. Na naɗe tabarmi, na jera kwanuka a buhu ina kuka. Ba komai nake so ba illa a bar ni in zauna maka, in ji a jikina cewa ka mutu.

Safiyar da amalanke zai zo, ban ji tsintsiya ba. Rana ta fito, awaki suna ta kuka, ƙofar Inna a rufe. Na shiga na tarar da ita kwance tana nishi, wai gwiwa ta riƙe, ko taka ƙasa ba ta iyawa. Da Kawu ya iso ta sa aka shigo da shi. Ta ce ya ga halin da take ciki, matar Sale ga goyon tagwaye, 'ya'yanta mata duk suna aure nesa, ya taimaka ya bar mata yarinyar nan ta yi jinyarta har ta miƙe. Wa zai iya ce wa uwar da ta rasa ɗa a'a? Kawu ya yi mata sannu, ya juya da amalankensa.

Haka na zama mai jinya. Ni ke kai mata buta, ni ke gasa mata ƙafa da ruwan zafi, ni ke murza mata man kaɗe safe da yamma. Allah ya yafe min, a raina na yi murna da ciwon nan, kuma na yi ta istigfari a kan murnar. Don mai jinya ba a tambayarta me ya sa ba ta kitso, ba a ce mata ta zo biki ko suna. Na ninke shuɗiyar atamfar na sa a ƙasan akwatinka, na ɗaura tsohon zane, na ajiye kwalli da turare. Ban kira shi takaba ba, ban saɓa wa Malam ba. Zama kawai na yi. Amma ina ƙirga kwanaki a raina daga Larabar da Saja ya zo, ban gaya wa kowa ba.

A watannin nan na san ka mutu. Na yi kukan da kunyar hannuna ta hana ni yi ranar makoki. Na dinga fito da kayan akwatinka ɗaya bayan ɗaya, ba rana guda ba, don kada su ƙare min da wuri. Rigar sanyinka, carbinka, lambar yabo a ƙaramin kwali, da jan takalmin roba da ka saya wa Ummi, wanda ya yi mata kaɗan tun kafin ya iso. Lallen ya bar fata cikin mako uku, amma na farce sai da sabon farce ya tsiro ya ture shi a hankali. Wata rana ina murza wa Inna ƙafa ta kama hannuna ta duba, rabin farce ja rabi fari. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sake ni ta ce in ƙara mai.

Ciwon Inna kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Duk ranar da Kawu zai zo ya fi tashi. Wani lokaci hagu, wani lokaci dama, har na ce mata wannan ciwo yawo yake yi, ta ce in na gaji in faɗa. Hankalin Yaya Sale ya tashi, ya kira wanzami. Sau uku ana yi mata ƙaho, ana tsaga gwiwa da aska ana zuƙe jini, ina riƙe da kafaɗarta tana cije leɓe. Aka kawo jiƙe-jiƙe masu ɗaci, na ɗanɗana ɗaya sai da na yini ina tofar da yawu, ita kuwa ta shanye. Matar da ba ta iya zama ta gama cin tuwo, ga ta a tabarma tun damina har kaka, ƙafafunta suka sirance.

A zaman nan muka fara hira, ni da ita. Ta ba ni labarin yadda ka gudu daga gona kana saurayi ka je aka auna ƙirjinka, ka dawo da aski ƙwal kana gaya mata an ɗauke ka soja. Ta ce ita ma ranar da za ka tafi horo ba ta fito zaure ba. Na ce ashe haka Allah ya haɗa ka da mata marasa rakiya. Muka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Amma ba ta daina cewa gishirina ya yi yawa ba, kada ka ɗauka an canja maka uwa.

Jiya Juma'a ƙirgena ya cika, wata huɗu da kwana goma. Na idar da sallar asuba ina tunanin yadda zan yi wa ranar alama ni kaɗai, ko da canja zane ne. Sai na ji tsintsiya. Shara irin mai ƙarfin nan, mai shiga lungu, wadda na san mai ita ko cikin barci. Na ɗaga labule. Inna ce a duƙe a tsakar gida, babu sanda, babu dafa bango, har ta share rabi. Ga tukunyar ruwa tana tafasa a murhu, ga sabon sabulu da soso a kan faifai, ga sabon zane a ninke da tandun kwalli a kansa. Can gefe matar Yaya Sale ta ɗora tanda tana suyar wainar sadaka, ita ma sai kallon tsohuwar take, baki buɗe.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ko dubana ba ta yi ba, ta ce ruwa zai huce, in wuce in yi wanka, kuma in cuɗa da kyau, ban da wankan 'yan bariki. Da na fito ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Da hannunta ta tsefe min kan da ya yi wata huɗu a dunƙule, ta taje, ta shafa mai, ta fara kitso. Na tambaye ta gwiwa fa, ta ce in tsayar da kaina wuri ɗaya. Sai da ta kai tsakiyar kai ta yi magana, a hankali, kamar da gashin take. Ta ce ita ta yi wa mahaifinku takaba, ta san abin da zaman yake yi wa mace. Ta ce ɗanta ya mutu a ƙasar da ba ta san ta ina rana take fito mata ba, ba ta ga gawarsa ba, ba za ta ga kabarinsa ba, to ba za a ce kuma ko zama ba a yi masa ba. Daga nan ta ce in miƙo mata kibiyar kitso.

Kaina yana jingine a gwiwarta, Kofur. Tabon ƙahon nan suna daidai idona, layi-layi, hagu da dama, wasu ko gama dushewa ba su yi ba. Lafiyayyar gwiwa aka yi ta tsagawa ina riƙe da kafaɗarta. Na kifa fuskata a kai na yi ta kuka. Ita kuwa ta ci gaba da kitsonta, tana goge nata idon da kafaɗa, ba ta karkatar da layi ko ɗaya ba.

Da kanta ta aika wa Kawu cewa ta warke. Ummi za ta zauna a wurinta. Ba wanda ya nema, ni na ce, kuma sai da na faɗa sau uku kafin tsohuwar ta yarda ta ji. Garinmu ba nisa, zan riƙa leƙo su in Allah ya yarda. Maganar mai shago ban amsa ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba zan ƙara aure ba, ka san yadda zaman gida yake ga bazawara. Amma ba yanzu ba.

Saura abu ɗaya. A nan in miji ya rasu, kafin a fita da shi akan kira matarsa ta durƙusa a gabansa, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa. Ni ba a kira ni ba. To ga ni na durƙusa a ɗakinka. Na yafe maka, Kofur, duniya da lahira, kai ma ka yafe min. Ina sonka, kunya ce ta hana ni faɗa maka da baki. Kuma ka kwanta da sanin an zauna maka. Mu biyu muka zauna, ni da mahaifiyarka, ko kwana ɗaya bai ragu ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya jiƙan waɗanda suka kwanta tare da kai a can, ya dawo da sauran gidajensu lafiya. Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Hajara